Kaffarar Kakana

Ƙamshin sabon gero, in an kwance bakin buhu, yakan mayar da ni gidanmu na Ƙofar Kaura, shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula. Ina 'yar shekara tara a lokacin.

Kakana baduku ne, mutum mai ƙarancin magana. Yana da ƙane guda, manomi a Batagarawa, wanda kan zo duk Juma'a su ci tuwo akushi ɗaya. Siyasa ce ta shiga tsakaninsu, kowa da jam'iyyar da yake so. Wata Juma'a da damina gardama ta yi zafi a zaure, har ƙanen ya ce kakana ya sayar da mutuncinsa. Kakana ya ajiye fatar da yake ɗinki, ya ce, "Wallahi ba ni ƙara taka ƙofar gidanka."

Aka yi zaɓe, aka rantsar da sabbin shugabanni, ba su gana ba. Kakata takan zuba tuwon mutum biyu ranar Juma'a, rabi ya dawo.

Bayan an girbe gero aka aiko cewa ƙanen yana kwance, ko ruwa ba ya iya sha da kansa. Kakana ya miƙe. Ya naɗa rawani, ya hau kekensa. Kwana uku ya yi a can, shi ke ɗaga shi, shi ke yi mashi alwala.

Ranar da ya dawo, tun bai zauna ba ya sa kakata ta auna gero kashi goma da mudun Nabi, na mabukata goma. Ya ce kaffara ce. Ban taɓa jin kalmar ba, sai na ce, "Malam, ba alheri ka yi ba?"

Ya ce, "Zuwan alheri ne. Amma na ɗauki sunan Allah cikin fushi na toshe hanyar zumunci da shi, kuma na karya rantsuwa. Tuba a zuci take. Kaffara kuwa da hannu ake yin ta, ita ke rufe laifin, kamar yadda ake rufe iri da ƙasa."

Da kansa ya kai geron gida gida, yana faɗa wa kowa dalili, bai ji kunya ba. Ƙanen ya rasu bayan mako biyu, kansa bisa cinyar kakana.

Yau zauren ya zama shagon cajin waya. Duk kakar zaɓe ina jin 'yan'uwa suna rantsuwa a kan juna, da baki da waya, ba mai tuna akwai abin da ke biyo baya. Ni ma ina da ƙanwa da ba mu magana shekara biyu ke nan. Ban ma rantse ba, ko ƙwayar gero ba a bi na bashi, amma har yau ban je ba.