Jarkar Mangwaron Da Na Kai Kano Gwaji

A shekarar da takardun kuɗi suka yi wuya, mutum na da kuɗinsa a banki amma ba ya iya riƙe su, azumi ya faɗo daidai lokacin mangwaro. Sana'ata ke nan a Zango: ina sayen mangwaron da ya faɗo ko ya fara taɓuwa, maiɗakina Hajara ta yanke wurin da ya yi baƙi, mu matse, mu tafasa, in sayar da sanyinsa gab da shan ruwa. Ana cikin goma ta farko duba-gari ya ɗauke mini kular da nake sanyaya shi a ciki. Ya ce ba zan ƙara sayarwa ba sai na kawo shaidar babu gubar fumfuna a ciki. Kasuwar shekarata kuwa azumin nan ce.

Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya kwatanta mini wani ɗakin gwaji a Kano. Ni da Hajara muka ce ba a zuwa wurin manya da abin kunya. Na sayo kwando guda na tsinkakken mangwaro, ko tabo babu, muka cika jarka, muka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu.

Zango zuwa Daura

Bayan sahur da sallar asuba na hau babur, jarka a cinyata. Kafin Daura aka tsayar da mu a shinge.

"Baba, fetur ne?" in ji jami'in.

"Mangwaro ne, ranka ya daɗe."

"Kowa haka yake cewa. Sha mu gani."

Na ce ina azumi. Shi ma ashe yana yi. Ya buɗe, ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce in rufe kafin in karya masa azumi.

Daura zuwa Kano

A tasha direba ya ce jarka sai an biya mata kujera, tunda na ƙi yarda a sa ta a but ɗin mota kusa da akuya. Muka bi ta Kazaure da Ɗambatta, rana tana dukan gefena. Duk inda aka tsaya sai in sayi ruwan leda in jiƙa buhun. Wani fasinja ya ce, "Malam, ko jinya za ka kai ta?" Na ce kusan haka ne.

Ɗakin gwaji

Bayan azahar na sami wurin. Wata malama mai farar riga ta dubi jarkar, ta dube ni.

"Baba, duk wannan?"

"Idan bai isa ba, a yi haƙuri."

Ta ɗebi abin da bai cika cokali ba. Ta fito da na'ura kamar wayar hannu, ta soka mata ɗan tsinke mai faɗi irin na gwajin sukari, ta ɗiga digo guda. Ta ce a kan tsinken akwai abin da ke kama gubar, in ya kama sai ƙarfin lantarkin da ke ratsawa ya canza, na'urar ta nuna lamba. Na tambaya ko abin mai rai ne. Ta ce daga mai rai aka samo shi. Na tambaya me yake ci. Ta yi dariya, ni kuwa da gaske nake.

Da lambar ta fito ta ce lafiya lau. Na yi hamdala. Tana shirin rubutu sai ta ce, "Daga wanda kake sayarwa ka ɗebo, ko?"

"Haba Malama, wa zai kawo miki wancan? Wannan naki ne na musamman."

Ta ajiye biro. Ta sa na faɗa mata yadda muke yin na kullum, na faɗa ban rage ba.

"Baba, na'urar nan jarkar nan kaɗai ta sani. Wancan za ka kawo."

"Ai muna yanke ruɓaɓɓen."

"Gubar takan wuce inda ido ya tsaya."

"Muna tafasawa fa."

"Wuta tana kashe fumfunar, ba lallai ta kashe abin da ta bari ba."

Na yi ta juya maganar. Abin da ba a gani, ba a ji a baki, wuta ba ta cin sa, amma tsinke ya san shi. Kuma na kawo mai kyau, an ce mai kyau ne, an ce ban ci ba.

Na kwana a Kurna, shagon wani tela ɗan garinmu. Da aka kira magariba muka buɗe jarkar, ta yi tsami har tana huci. Da ruwa da ƙosai muka sha ruwa.

Komawa

Washegari na iso gida da la'asar. Hajara ta matse na kullum don yara. Da aka sha ruwa ta miƙa wa autarmu kofi, sai na ga hannuna ya karɓe.

"Malam, me ke ciki?" in ji Hajara.

"Ban sani ba."

"To me aka ce maka a Kanon?"

"An ce wanda na kai lafiyarsa lau."

Ta ɗauki tukunyar ta kai bayan ɗaki ta zubar.

Kafin in haɗa kuɗin mota na biyu an ga watan Sallah. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa telan da ya ba ni tabarma. Abin da na rasa: kwandon mangwaro ɗaya, jarka ɗaya, kujera biyu zuwa da ɗaya dawowa, kular da har yau tana ofishin duba-gari, da kasuwar azumin shekarar.