Furar Gayya a Gaban Mahaifina

Mahaifina makaɗin gangar noma ne a ƙauyenmu, kusa da Ɗanzomo. Idan an yi gayya, samari kan jeru a bakin gona kowa da kunyarsa, shi kuma ya rataya ganga ya bi bayan wanda ya yi gaba, yana kiran sunansa da na kakanninsa. Wanda ganga ta bi yini guda, 'yan mata ba sa manta shi har kaka. Ina da shekara goma sha shida a lokacin, ban taɓa jin sunana a bakinsa a gona ba, kuma ba abin da nake nema kamar wannan.

Damina ta biyu ce bayan babban fari, kowa na son ya nome fiye da ƙarfinsa. A nan ne ƙwaya ta shigo mana. Ƙanana ne farare, ana sayo su a ƙulle cikin takarda ranar kasuwa. Wanda ya haɗiyi biyu da safe ba ya jin gajiya, ba ya jin yunwa, sai bushewar baki da cizon haƙora. Wani sa'ana ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar gero, aka kai shi Gumel, ya dawo hannunsa na rawa har makonni. Liman ya yi wa'azi, mai unguwa ya yi tsawa, samari suka koma sha a ɓoye.

Mahaifina bai yi wa kowa faɗa ba. Ya dai lura cewa idan mata suka kawo furar gayya da hantsi, akwai masu komawa gefe su kurkure baki kawai. Sai ya shaida wa sarkin noma cewa daga yanzu kowane saurayi zai shanye kasonsa a gabansa, wanda ya bar saura kuwa ganga ba za ta bi shi ba, ko da shi ne a gaba.

Ranar gayyar gonar kawuna na haɗiyi biyu a bayan rumbu. Na ɗauka zan iya tura furar da ƙarfi. Tun daga kunyar farko na tsere wa kowa, ina jin ganga a bayana tana matsowa. Mahaifina bai kira suna ba tukuna, don ya saba jira sai bayan hutu.

Muka zauna a inuwar gawo, aka miƙo mini ƙwarya. Ludayi na farko ya wuce da ƙyar. Na biyu ya tsaya a maƙogwaro kamar dusa. Na riƙe ƙwaryar ina juya ludayi, yana tsaye a kaina.

"Ta yi tsami ne?" ya tambaye ni.

"A'a, Baba. Na karya a gida."

"A wane gidan? Uwarka ta ce kokonka na nan a rufe."

Samari suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Sarkin noma ya matso, ya rage murya.

"Haba Sarkin kiɗa, yaron nan ya yi aiki yau. Ɗanka ne fa."

"Na sani, ranka ya daɗe, ni na yanka masa rago. Amma bai sha ba."

Da aka koma, ni ne dai a gaba. Ya wuce ni bai dube ni ba, ya koma baya wajen wani ɗan maƙwabtanmu Fulani da na ba tazarar kunya guda, ya shiga kiran sunansa har la'asar. Ina noma ina jin sunayen kakannin wani suna tashi a gonar kawuna. Kwana uku na yi a kwance bayan nan, kaina na sarawa, zuciyata na bugu kamar za ta fito. Ya shigo sau ɗaya ya taɓa goshina, ya ce wa mahaifiyata ta dama mini kunu.

Labarin ya je ƙauyukan da ke kewaye kafin in tashi. An ce makaɗin nan ya ƙi ɗan cikinsa a kan fura. Wasu makaɗa biyu suka ɗauki tsarin. Ba zan ce ƙwaya ta ɓace ba, masu noman ƙodago sun ci gaba da sha. Amma a gayya ta daina amfani, don a can ba wanda ke shan ta saboda gero, sai don ganga ta bi shi. Kafin a gama maimai, samari har kifa ƙwarya suke yi a gaban mahaifina ya ga babu saura.

Ban sake haɗiyar ta ba. A gayyar ƙarshe ta wannan damina na shanye kasona, cikina ya yi nauyi, na zo na huɗu. Sai da aka yi damina biyu kafin in yi gaba da ƙarfina. Ranar ya bi ni tun daga hantsi, ya kira ni da sunan ubansa, ya yi gyaran murya ya ci gaba da kiɗa.