Janar Zainu da Matuƙan Jirginsa na Kwali

Duk unguwar New Bell ba wanda bai san Zainulabideen ba, wanda muke kira Janar, ko da yake bindigar da ya taɓa riƙewa ita ce ta fesa maganin sauro. Haifaffen Duwala ne, ya yi lakwal, wato boko, ya yi aikin biro, wato ofis, a wani kamfanin jiragen ruwa, taye a wuya ko da zafi zai dafa ƙwai a kan kwalta. Da kiriz ta zo, tattalin arziki ya karye, aka sallame su. Wasu sun fito da firji, wasu da babur. Shi sai ya fito da wani akwatin wasa da patron ɗinsa, wato maigidansa Bature, ya bari.

Wasan yaƙin duniya ne: taswirar teku, da ƙananan kwalaye masu hoton jirgin sama, kowane da matuƙinsa. Matuƙin da ya tsira daga faɗa ya ƙware. Sai ka zaɓa: ko ka bar shi a fagen daga ya yi ta kakkaɓo maka jirage, ko ka mai da shi baya ya koyar da sababbi. Janar kullum mayarwa yake. "Gwani ɗaya a makaranta," in ji shi, "ya fi goma a sama."

Abokin karawarsa ɗaya ne tal, Alhaji Hayatu, Basakkwace mai albasa a kasuwar Sandaga. Lokacin vil mort, da kasuwa ke rufe ba mai fita, bayan la'asar sai su baje taswira a baranda. Alhaji ba ruwansa da makaranta, gwanayensa yake turawa gaba ɗaya kamar mai sauke buhuna. Da farko ya ci Janar kaca-kaca, can gaba sai ka ga ba shi da kowa sai sababbin da ba su san gabas ba.

To, sai albasa ta fara ruɓewa a buhu. Alhaji ya ce zai koma gida.

"Haba Alhaji, ni da wa zan yi?"

"Kai ka sani, Janar. Wa ya rage? Malam Sabo da ka gayyato, ka ƙone masa jirage kafin shayinsa ya huce. Jibirilla tela kuwa, tun ranar da ka gama da shi, in ya hango ka sai ya bi ta unguwar Kassalafam ya zagayo. Kwali ka iya koyarwa. Mutum fa?"

Janar ya san ba sharri aka yi masa ba. Gaskiya ce. Duk wanda ya zauna gabansa ranar farko, ranar ya binne shi. Kuma ya san in Alhaji ya tafi, akwatin nan ƙarƙashin gado zai koma, shi kuma ya zama tsohon ma'aikaci kawai mai kallon titi. Wasan ne kaɗai wurin da ya rage ana jiran shawararsa.

Washegari aka ga abin mamaki. Janar da kansa a shagon Jibirilla, yana gaisuwa har da tambayar lafiyar keken ɗinki.

"Malam Jibirilla, ka zo yau mana."

"In zo ka sake yanka ni?"

"Wallahi gefenka zan zauna. Da Alhaji za ka kara."

Haka aka yi. Jibirilla ya ɗauki gwani mafi tsada ya jefa tsakiyar abokan gaba. Waɗanda suka gani sun rantse jijiyar goshin Janar ta kai kaurin igiyar rijiya. Hannunsa ya miƙe zai ƙwace kwalin, sai ya mai da shi cikin aljihu. Matuƙin ya faɗi teku. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta zame.

"To yanzu wa zai koya wa yaranka?" in ji Janar a hankali.

Jibirilla ya daɗe yana kallon taswira. "Au. Ashe shi ya sa kake ɓoye su."

An ci su ranar, mugun ci. Aka sake cin su kafin Alhaji ya hau mota.

Ranar da ta biyo bayan tafiyarsa, Janar bai ma fito da akwati ba. Yana zaune a baranda sai ga Jibirilla, tef ɗin awo a wuya.

"Janar, ina kayan? Amma yau gabana za ka zauna. Kuma ka bi ni a hankali, ni sabon shiga ne."

Janar ya shiga ɗaki da sauri har ya bar takalmi ɗaya a ƙofa.