Ganuwar Mika'ilu da Hatsin Tururuwa

Mika'ilu ba shi da daɗin zama, wannan ko 'ya'yansa ba za su musa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai saurin fushi. Yana saurayi ya yi leburanci shekara huɗu a wani babban dam na gwamnati, ya dawo ƙauyenmu, nan arewa da Ɗambatta, da diga ɗaya da kwanon sarki biyu da taurin kai. Akwai wani kwari da ya ratsa gonar gadonsa, inda ruwan damina ke bi ya wuce abinsa. Mika'ilu ya ce zai tare shi. Muka yi ta dariya.

Rani uku yana abu ɗaya, shi da jakunansa biyu, sai ɗan gayya jefi-jefi. Ba ya zuba ƙasa haka kawai. Sai ya shimfiɗa jar ƙasa, ya yayyafa ruwa, ya daɓe ta sosai, sannan ya ƙara wata. Da ya gama, tudun ya kai tsayin mutum biyu, muka sa masa suna ganuwa. Ruwa kuwa ya tsaya, masu dariya muka yi shiru. Da rani yana noman tumatir da albasa a gindinta, dabbobin gari suna sha, bai taɓa hana kowa ba.

Abin da ya hana shi ne taɓa ganuwar. Ba a kafa turke a kanta, ba ya barin ko tsiron darbejiya. Akuya ta hau, jifa. Mutum ya hau, zagi, ko da mai unguwa ne. Kullum yana zagaya ta da sanda yana neman ramin gafiya, don a cewarsa ƙaramin rami ɗaya ya isa ruwa ya cinye ta daga ciki. Duk duniya ba shi da abin alfahari sai ginin nan.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Dam ɗin Mika'ilu ya ƙafe har gindinsa ya tsattsage. Aka ci dusa, aka ci tafasa, maza da yawa suka bazama birni. A shekara ta biyu mata suka fara abin da ba a faɗa, wato haƙar gidan tururuwa. Tururuwa tana jan hatsi daga masussuka ta ɓoye a ƙasa, wadda ta haƙa takan sami tafi biyu ko uku, haɗe da ƙasa da ƙaiƙayi. Abin kunya ne ƙwarai, gidan da aka san ya yi haka sai a yi ta yi wa jikokinsa gori. Ga shi masussukarmu tana dab da dam, don haka manyan gidajen tururuwa duk a jikin ganuwar suke. Mika'ilu ya koma gadinta da kulki.

Wata safiya ya hango mace durƙushe a bayan ganuwar, ta lulluɓe kai, tana sara da fartanya. Tun daga nesa ya fara zage-zage. Da ta waiwayo, ashe Asama'u ce, 'yarsa ta fari, wadda ko sunanta ba ya faɗa. Mijinta ya tafi neman abinci wata biyu, ba labari.

Ya ce, "Ke, kin san abin da kike yi kuwa?"

Ta ce, "Na sani, Baba. Kwana uku ban ɗora tukunya ba."

Sai ya karɓi fartanyar ya ce, "Matsa, ba haka ake yi ba." Ya haƙa mata da kansa.

To, wanda ya bar 'yarsa, da wane baki zai hana 'yar wani? Sharaɗi ɗaya ya kafa: duk wadda ta haƙa ta soka kara a bakin ramin. Ya daina fitowa da sassafe don kada ya ga fuskar kowa. Da hantsi sai ya bi kara-kara yana cikewa, yana daɓewa da taɓarya. Amma busasshiyar ƙasa ba ta kamawa, ruwan jiƙa ta kuwa babu, rijiyar gari da ƙyar take ba da na sha. Ya fi kowa sanin facin banza yake yi.

Damina ta dawo da ƙarfinta. Tsakiyar Agusta dam ya cika fal, Mika'ilu ya ga ruwa yana tsattsafowa ta bayan ganuwar, ja, mai laka. Ya bi gidaje biyar da ke ƙasan kwarin ya ce su kwashe nasu ya nasu. Washegari bayan azahar ta fashe. Ba a rasa rai ba, amma gidaje uku sun tafi, da gonakin gero da dama.

Bayan mako guda wani jami'i ya zo daga birni da takarda a hannu. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa.

Ya ce, "Baba, me ya jawo? An yi haƙa a jikinta ne?"

Wurin ya yi tsit. Mika'ilu ya ce, "Ba wanda ya taɓa ta. Ginin ne ba kyau. Ni na yi shi, ban iya ba."

Jami'in ya rubuta, ya kuma ce kada ya sake tare kwarin. Bai sake ba. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya yana noman geronsa kamar kowa, masu tasowa suna yi masa tsiya, suna kiransa Injiniya. Bai taɓa tanka musu ba.

Ni ina wurin ranar da ya faɗi maganar nan, kuma har yau tana ci mini rai. Matata da mahaifiyata duk sun soka kara a ganuwar, ni kuma na ci tuwon. Mu kusan talatin ne a zaune, kowa ya san abin da aka dafa a gidansa. Ba wanda ya buɗe baki.