Abin da Baba Modu Bai Faɗa wa Likita Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Gashuwa, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanina Bukar ne daga Nguru. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Yaya Hauwa, sai haƙuri. Baba ya cika." Na ajiye alli na fito. Har na isa Nguru ban zubar da hawaye ba. Tsoro ne ya cika min ciki, kuma har yau bai sake ni ba.

Duk wanda ya san kasuwar kifi ta Nguru ya san Malam Modu mai banda. Mutum ne mai raha, ba ya wuce yaro ko babba bai tsokane shi ba. Idan mai saye ya ɗauki kifin da bai gama bushewa ba, sai Baba ya karɓe ya musanya masa, ko da mai sayen bai lura ba. Ni kuwa tun ina ƙarama gajen haƙuri gare ni, don haka ni ya fi yi wa karatunsa: "Hauwa'u, wutar gaggawa baya take ƙonawa, ciki ɗanye."

Da ya haura saba'in sai ya fara yin shiru. Ya daina zuwa kasuwa, ya kashe rediyonsa, tuwo ma loma biyu ya ture kwano. Muka ce tsufa ne. Wasu suka ce sammu, aka sha rubutu. Da ƙyar muka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ya ja ni gefe ya ce ƙwaƙwalwar tsoho ba ta karɓar magani da sauri kamar ta matashi, ita ma ta tsufa har da ƙananan jijiyoyin jininta. Za a jima kafin a ga canji, wataƙila ma sai an ƙara ko an sauya wani. Abu biyu ya roƙe ni: kada a daina, kuma a riƙa gaya masa gaskiya.

Gaskiyar nan ce ta gagare mu. Duk zuwa, likita zai ce, "Baba, yaya jiki?" Baba ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Abinci fa? "Ana ci." Barci? "Ana yi." Ina zaune a gefe, na san ba ya ci, ba ya barci, amma wace 'ya ce za ta ƙaryata ubanta a gaban baƙo? Sau ɗaya na yi ƙarfin hali a mota na ce, "Baba, ai da ka faɗa masa." Ya dube ni ya ce, "Ba a kai ƙarar Ubangiji wurin bawa." Likita ya ji an ce da sauƙi, ya bar magani yadda yake. Mu kuma a gida ba mu ga sauƙin ba. Da aka yi wata biyu, ni da bakina na ce wa Bukar maganin nan ba ya komai, a daina wahalar da tsoho. Aka daina. Baba ya ci gaba da ramewa, har zazzaɓin kwana uku ya zo ya tarar babu ƙarfin da zai tare shi.

Na san rai ba ya wuce wa'adinsa, malamai sun faɗa min kuma na yarda. Amma wallahi ina tsoron ranar da za a tambaye ni amanar da likita ya danƙa min.

Akwai kuma tsoron da ya fi wannan. Mahaifiyarmu, Iya Falmata, tana cikin takaba. Shirunta ba na rasuwar nan ba ne kaɗai, ya fara tun Baba yana da rai, jinya ce ta hana mu lura. Yanzu tana zaune a ƙuryar ɗaki, ba ta ci, ba ta magana, masu zuwa gaisuwa suna yabon tawakkalinta. Da na ce zan kai ta asibiti, Gwaggo Amina, ƙanwar Baba, ta ce, "Mai takaba da yawon asibiti? Ke dai ba ki da haƙuri. Ki bari ta fita." Wata huɗu da kwana goma ke nan. Baba bai kai haka ba bayan mun daina magani.

Na je wurin limamin unguwarmu, ya ce lalura ta halatta mata fita. Ranar Alhamis zan kai ta in sha Allahu. Idan likita ya yi tambaya, ni zan riga ta buɗe baki, ko da za ta yi fushi da ni, ko da dangi za su ce ba ni da kunya.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa jinyar da ya sha a ɓoye ta zama kankarar zunubi. Allah Ya yafe masa, ni ma Ya yafe min. Ya ba Bukar da Gwaggo da sauran dangi haƙurin rashi. Ya Allah, Ka ba Iya lafiya, Ka bar mana ita. Kada Ka haɗa mana zaman makoki biyu a shekara ɗaya. Amin.