Rabin Ƙyallen Mama Monica

Ƙarfe shida na safe Mama Monica take buɗe ƙofar bayan cocinsu a Karu, kuma kafin ta ɗauki tsintsiya mutane sun riga sun jeru a jikin katanga. Ba ibada ta kawo su ba. Leburori ne, da masu tura baro, da masu wankin mota, mutanen da suka kwana a ƙarƙashin gadar Nyanya ko a cikin benayen da ba a gama ginawa ba. Kowa da jakarsa. Sai ta karɓa, ta jera a ƙaramin ɗakin da ake ajiye kujeru, su kuma su ruga neman motar shiga gari. Da yamma su dawo, mai buƙatar kayansa ya karɓa, wanda ba ya buƙata ya bari. Aikinta na ainihi sharar coci ne. Ajiyar nan ita ta ɗora wa kanta, da izinin zumuntar mata, shekara goma sha ɗaya ke nan. A ƙarshen watan nan za ta ajiye tsintsiya ta koma Sheda wajen jikokinta, kuma ba zan bari ta tafi shiru ba.

Ina sayar da jarida a tsallaken titin cocin, don haka ni ganau ne a yawancin abin da zan faɗa. Tun da mulki ya dawo hannun farar hula Abuja take ta tashi sama. Bankuna, otal-otal, wayar salula a hannun kowa. Ana ta yabon gari, amma wanda ya ɗauki kwanon kankare ya hau hawa shida ba shi da inda zai ajiye rigarsa ta biyu. Mu da muke da ƙofa da makulli ba mu san wannan ba. Muna tsammanin marar gida abinci kawai yake nema. Je ka tambaye shi. Zai gaya maka cewa idan ya bar jakarsa a ƙarƙashin gada, ko ɓarawo ya ɗauka, ko masu rusau su kwashe su ƙone. Idan kuma ya ɗauke ta a kai ya je neman aiki, oga na ganinsa zai ce wannan ba shi da mazauni, gobe zai gudu da kaya. Mama Monica ce ta gano haka, ita da ba ta yi aji ko ɗaya ba.

Da yake ba ta rubutu, ga yadda take yi. Tana karɓo guntayen yadi daga wajen tela. Idan ka kawo jaka sai ta yaga ƙyalle biyu, ta ɗaura rabi a hannun jakar, ta ba ka rabi. Ka dawo da naka, a haɗa, in ya dace ka ɗauki kayanka. Ba ta tambayar sunan garinku, ba ta taɓa zuge jakar kowa ba. Da farko ma kuskure ta yi: ragowar atamfar zumuntar mata ta yayyaga, mai ɗauke da hoton gicciye. Mutanen kuwa yawancinsu Musulmi ne daga ƙauyukan arewa. Suka riƙa karɓa da yatsa biyu, wasu suka daina zuwa. Da wata mace ce, da ta ce ai ba su da godiya. Ita sai ta tare ɗaya ta tambaye shi, ya gaya mata gaskiya, cewa ba zai iya yin salla da shi a aljihu ba. Washegari ta sauya ƙyalle. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi wa'azi ba. Ranar Juma'a kuma takan dawo ta buɗe ɗakin ƙarfe sha ɗaya, don mai rigar masallaci ya ɗauka.

Ni Musulmi ne, kuma na zarge ta. Na tsallaka titi na ce mata, "Mama, faɗa mini gaskiya, tarko ne wannan? Yau jaka, gobe baftisma?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Mai jarida, kai da kake da shago, jaka nawa ka ajiye?"

"Shagona ƙarami ne."

"To nawa ma ƙarami ne. Yesu na ya ce in na yi wa baƙo, shi na yi wa. Wanda ya tambaye ni addu'a zan yi masa. Wanda bai tambaya ba, ga jakarsa. Matsa, kana taka mini shara."

Na matsa. Na koma wajen jariduna.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wani kafinta mai suna Maliki, mutumin wajen Bakori, dogo, marar yawan magana. Jakarsa ta fi ta kowa nauyi, domin zarto ne a ciki da guduma da kurfi, kayan aikin da ya gada daga mahaifinsa. Da su shi kafinta ne, ana kiransa da suna a wajen gini. Ba su, lebura ne kamar kowa. Wata rana aikin kafinta ya yanke, sai ya bar jakar wajen Mama Monica ya tafi ɗaukar bulo. Bai dawo ba. Mako ya wuce, wata ya wuce. Wasu suka ce an kama shi, wasu suka ce ya mutu.

Bayan shekara guda coci ya sami ƙarfi, aka yanke shawarar rushe tsohon ɗakin a faɗaɗa gini. Malam Thaddeus, sakataren coci, mutumin kirki amma mai son tsari, ya ce duk jakar da ba a zo nema ba a fitar da ita. Talatu, ɗaya daga cikin matan zumunta, tana wajen, ita ta ba ni labarin.

"Mama, mutumin nan ba zai dawo ba," in ji shi. "Kuma ba mu san abin da ke ciki ba. In wani mugun abu ne fa, wa za a kama? A buɗe, in ƙarfe ne a ba masu bola."

"Oga sakatare, jaka ɗin nan yana da mai shi."

"Ina yake?"

"Yana inda rabin ƙyalle yake."

"In kika riƙe ta, ba da sunan coci ba."

"To da sunan Monica."

Ta ɗora jakar a kai, mace mai shekara sittin da ciwon gwiwa, ta kai ta ɗakinta guda ɗaya da take haya, ta tura ƙarƙashin gado. Da aka rushe layinsu ita ma ta tashi, ta koma can wajen Mararaba, jakar ta bi ta. Duk damina sai ta ɗora ta a kan bulo don kada ruwa ya taɓa. Shekara uku da wata huɗu, kuma ba ta buɗe ba.

Watan jiya, ina jera jaridu, sai ga wani mutum yana ɗingishi da sanda, ya tsaya yana kallon sabon ginin. Maliki ne. Ashe daga bene ya faɗo, ƙugunsa ya karye, 'yan garinsu suka saka shi a mota zuwa wajen maɗori a ƙauye, ya daɗe a kwance. Da ya ga babu tsohon ɗakin sai ya juya zai tafi. Bai ma yi niyyar tambaya ba. Mama Monica ta hango shi daga bakin ƙofa.

"Kai dogo. Ka yi latti."

"Mama, na san an rushe wajen. Gaisuwa kawai na zo."

"Ina ƙyalle?"

Ya cire hularsa. Ashe ya ɗinke ƙyallen a ciki, ya koɗe, ya yi baƙi da gumi. Ta sa Talatu ta hau babur ta ɗauko jakar. Aka haɗa rabi da rabi a gabanmu, ya dace. Ya durƙusa ya zuge, ya ɗauko zarton, ya shafa haƙoransa da babban yatsa. Tsatsa kaɗan ce. Mutumin nan marar magana ya rufe fuska da hula. Ni kuwa na bar jaridu iska tana kwasa, ina ta kabbara a ƙofar coci, ban damu da wanda ya ji ba.

Mama Monica, ke ce mai riƙon amana. Ke ce kika tsare wa mutum sana'arsa alhali kowa ya binne shi. Ba ki da gida naki, amma kin zama ƙofa da makulli ga ɗaruruwa. Ban ga an buga hotonki a jaridun da nake sayarwa ba, kuma na karanta su duka. Na gode. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki tarar da jikoki lafiya.

Ku kuma masu karatu, ba zan lallashe ku ba. Masallatanmu suna da ɗakunan da babu komai ciki sai tsofaffin tabarmi. Coci-coci haka, shaguna haka. Ba a ce ku gina gida ba. Kusurwa ɗaya da guntun yadi, shi ke nan. Wanda ya ce ba shi da wuri, ya tuna da ƙarƙashin gadon matar nan, ya ji kunya.

Malam Thaddeus ya ji tasa. Shi da kansa ya ware ɗaki a sabon ginin, ya damƙa wa Talatu makulli, aka ba Maliki aikin katakon jera kaya. Jiya na leƙa na sami Maliki a zaune kan benci, yana yanka da zarton mahaifinsa, Mama Monica na tsaye a kansa tana cewa ya ƙara faɗi, jakunkunan yanzu sun fi na da girma. Da na dawo shago na share bayan teburina. Jaka huɗu yake ɗauka. Na riga na je wajen tela.