Jitar Bahago

Ni kafinta ne. Kujeru nake yi da gadaje da ƙofofi a wata 'yar rumfa kusa da Ƙofar Guga, kuma ban taɓa zaton zan sassaƙa abin kiɗa ba sai da jikana Nura ya sa ni gaba. Shekararsa shida. An je da shi wani biki inda Buzaye suka zo daga Nijar da jitarsu mai lantarki. Tun daga ranar uwarsa ba ta sake samun muciyarta a inda ta ajiye ba, kullum tana ƙirjinsa, yana kaɗa ta yana yin sautin da baki. Na yi masa alkawarin ƙarama daidai hannunsa. Na yi, na kai masa, ya riƙe ta kaɗan ya ajiye, bai sake waiwayarta ba. Ba zan iya faɗin dalili ba sai na fara da kakata.

Iya Dije muke ce mata, ita ta haifi babanmu. Ɗakinta yana can ƙuryar gida, da murhunta a bakin ƙofa. Bayan sallar isha'i, idan an kwashe tuwo an jiƙa tukunya, ba ta yarda a kashe wutar. Sai ta tura dankali cikin toka, ta jawo 'yar kujerarta, mu kuma mu shimfiɗa tsohon buhu mu kewaye ta. Haƙoranta sun kusa ƙarewa, don haka goga goro take yi a magogi, ta tara a tafin hannu, ta watsa a baki. Har yau idan na ji ƙamshin dankali ya fara ƙonewa, ƙarar magogin nan nake ji a kunnena.

Ni angonta ne, haka take kirana. "Matso nan, angona," in ji ta, "angon da bai iya hyace majina ba." Yara su kwashe da dariya, ni kuma in ce na fasa auren, ta ce ai ita ma ba ta rasa manema ba. Ƙanwata Binta kuwa ƙawarta ce, kullum tana jingine da ƙafarta.

Iya ba ta fara tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Sai ta zuba wa wuta ido, can ta ce, "Ga wata nan tahe, ta sha hanya." Mu kuma mu amsa, "A ba ta ruwa ta zauna!"

Akwai daren da ban manta ba. Binta bahaguwa ce. A makon nan wani baƙon Baba ya nemi ruwa, ta miƙa masa kwanon sha da hagu. Baba ya ji kunya ƙwarai, da baƙon ya tafi sai ya naɗe mata hannun da tsumma, ya ce ba za a kwance ba sai ta saba da dama. Baba ba mugu ba ne. A ganinsa gata yake yi mata, don kada ta girma a riƙa nuna ta. Amma Binta ta fara koyon ɗinkin hula wajen Innarmu, kuma da hagun allura ke bin ta. Daren nan ta zauna da hannunta a naɗe bisa cinya, ko dankalin ba ta karɓa ba. Baba yana ɗakinsa, ƙofar a buɗe, fitilarsa a kunne.

Iya ta ce a wani gari an yi wani makaɗin gurmi wanda aikinsa ba na biki ba ne. Idan gero ya fara ƙosawa, tsuntsaye suka sauko kamar hadari, shi ne zai shiga gonaki yana kiɗa, su bi bayansa har cikin dawa, ya baro su can. Wata shekara, ana gab da girbi, makaɗin ya rasu. Aka sauko da gurmin daga inda yake rataye, duk wani namiji a garin ya gwada, tsuntsayen ko ɗaga kai ba su yi ba.

A garin akwai wani yaro bahago, wanda ubansa ya ɗaure masa hannun hagu a ƙugu da igiyar rama tun yana rarrafe. Shi ma ya ce zai gwada. Ya kwantar da gurmin a cinya ya ja tsirkiya da dama. "Kun san mi ya hwaru?" in ji Iya. "Awakin garin nan duk suka tsinke turke. Jaki ya yi kuka, ya ce a bar mashi aikinshi." Har Binta sai da ta yi murmushi.

Yaron ya ji kunya, ya ɗauki gurmin ya nufi bayan gari. Can ya tarar da wata tsohuwa ta ɗaure ƙirare ta kasa ɗauka. Ta ce, "Ɗan nan, ɗora mani." Ya ce hannunsa ɗaya ne. Ta dube shi ta ce ita dai biyu take gani, ta sa yatsa ta kwance igiyar ta yar. Ya ɗora mata kayan. Sai ya rungumi gurmin ta ɓangaren da jikinsa ke so, ya kaɗa da hagu, amma sautin ya fito a birkice, domin tsirkiya mai kauri ta koma ƙasa, siririyar ta dawo sama.

A nan Iya ta rage murya. Ta ce tsohuwar nan, da kayanta a ka, da rana na faɗuwa, sai ta sauke ƙiraren ta zauna a ƙasa. Ta kwance tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta sauya musu wuri, ta ja ta ɗaure da ɗan haƙorinta guda. Iya ta buɗe baki ta nuna mana nata. Yaron ya kaɗa. Tsuntsayen suka tashi daga gonaki gaba ɗaya har suka rufe rana, suka bi shi, geron garin ya tsira.

Na ce, "Iya, uban fa?"

Ta ɗaga murya yadda za a ji ta har zaure. "Uban? Yana can yana biɗar igiyarshi. Akuya ta cinye ta tuni." Sannan ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ta tahi, ta bar mana toka. Kowa ya je ya kwanta."

Mun ji Baba ya yi gyaran murya a ɗaki, ya rage fitila. Da a tatsuniya ne, da gari na wayewa an kwance tsumman. Ba a kwance ba sai da Binta ta saba. Ta koyi komai da dama, sai ɗinkin hula ne ya ƙi. Zaren ya riƙa karkacewa, Inna ta warware, ta sake, ta warware, har ta ajiye allurar. Yanzu tana Ƙofar Sauri da jikokinta, kuma ban sake ganin ta da hula a hannu ba.

To, jitar Nura. Na samo guntun maɗaci da ya rage daga wata ƙofa, na fere jikinta, na yi mata wuya daidai tsawon hannunsa. Tsirkiya huɗu na sa mata, saboda yatsunsa ƙanana ne. Abin da ke ɗaukar sauti kuwa maƙwabcina Malam Ila mai gyaran rediyo ya nuna mini: maganaɗisu ne ake naɗe shi da siririyar wayar tagulla, mun ciro tamu daga matacciyar fanka. Na zauna ina naɗi, ta tsinke, in sake, har na koyi jan ta a hankali kamar zaren gizo. Malam Ila ya haɗa mini da wata 'yar lasifika mai batir. Na goge katakon da sanfefa har ya yi santsi, na shafa masa jan fenti. Maɓallin ƙara sauti da ramin da waya ke shiga na sa su a ƙasa, inda na gani a hoton da Malam Ila ya nuna mini a wayarsa.

Ranar da na kai masa, ya fito da gudu yana ihu, "Tsoho ya cika alkawari!" Ya karɓa da hannu biyu, ya juya wuyanta zuwa dama, ya ɗaga hagu zai kaɗa. Maɓallin ya tokare masa hannu, wayar ta miƙe sama tana shafar haɓarsa. Uwarsa, 'yata Rabi, tana tsaye tana tankaɗe. Ko dubawa sosai ba ta yi ba ta ce, "Da dama, Nura." Ni ma da kaina na sa hannu na juya masa ita, na ce, "Haka ake riƙewa, abokina." Ya ja sau biyu ko uku, yatsun suka ƙi. Ya jingine ta da bango ya ce fitsari yake ji. Bai dawo ba.

Na san Nura bahago ne. Na sha ganin muciyar nan a ƙirjinsa, kanta yana kallon dama. Amma hannuna ya saba, duk abin da na taɓa yi a rumfar nan, daga mariƙin ƙofa har aljihun tebur, don dama na yi shi, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki. Ko a raina ban kawo ba.

Na koma gidan bayan kwana biyu, na tarar an rataye jitar a ƙusa, an ɗora mata hular makaranta. Muciyar ma ya daina ɗauka. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Ina tafiya gida, na wuce wata mai gasa dankali a bakin titi, sai ga Iya a idona, ga wutar, ga hannun Binta a naɗe.

Da safe na je na ce wa Rabi ta miƙo mini jitar.

Ta ce, "Baba, ba ta yi ba ne? Ai yaron ne ba ya da naci."

Na ce, "Ni ne ban yi daidai ba. Zan juya mashi ita ta koma ta hagu."

Ta ajiye rariya. "Baba, don Allah. Da ƙyar fa muka samu ya fara karɓar abu da dama. Malaminsu na allo har ya yi magana. Kada a ce ba mu ba shi tarbiyya ba."

Na ce, "Ya ci abinci da dama, ya gaisa da dama, ya karɓa da dama, wannan ni ma zan taya ki. Amma tsirkiya ba ta cikin lissafin nan. Je ki tambayi gwaggonki Binta ina hulunanta."

Rabi ta dube ni. Ba ta san gwaggonta ta taɓa riƙe allura ba. Can ta ce, "To, amma in ya miƙo mani kofi da hagu, kai zan kai wa ƙara." Ta ciro jitar daga ƙusa ta ba ni.

Na ɗauka sauya tsirkiya kawai zan yi. Ashe aikin ya fi haka. Ramukan da tsirkiyoyin ke kwanciya a jikin ɗan ƙashin da ke saman wuya kowanne da faɗinsa, sai da na yanka sabon ƙashi na sake tsaga su. Na toshe ramin maɓalli da na waya da katako da gam, na huda sababbi a ɗaya gefen. Jan fentin da na yi alfahari da shi duk na kankare. Malam Ila ya leƙo ya ce, "Malam, wannan jita ta fi amarya shan gyara." Na ce ya dai riƙe mini wayar kada ta tsinke.

Ina cikin kankarar fentin nan ne na gane abin da ban gane ba ina yaro. Da, yaron nake gani a tatsuniyar, da tsuntsaye sun rufe rana. Ban taɓa lura da inda Iya ta rage murya ba. Kwance igiyar bai ɗauki tsohuwar komai ba, yatsa ɗaya ta sa. Abin da ya ci mata lokaci shi ne sauke kayanta ta zauna a ƙasa ta gyara gurmin ya dace da yaron. Iya ba ta da ikon kwance tsumman Binta, ɗanta ne mai gida. Abin da ta iya ta yi, ta faɗa da ƙarfi ƙofa a buɗe. Ni kuwa ga zarto ga sanfefa a gabana, ba ni da uzuri.

Da la'asar na kai masa. Yana zaune a dakali, ya ga jitar ya kawar da kai. Na jona wayar, na ajiye ta a kan tabarma, na shiga gaisawa da uwarsa. Muna cikin gaisuwa muka ji lasifikar ta yi ƙara. Sai wata, sai wata. Ba kiɗa ba ne tukuna, amma yana tafiya a jere, irin wanda yake yi da baki. Rabi ta leƙa ta taga, ta daɗe ba ta juyo ba.

Da na fito ya ce, "Tsoho, zo ka gwada, in ga ko ka iya."

Na zauna na karɓa, na juya ta yadda na saba. Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ba haka ba! Da hagu!" Ya kama hannuna ya ɗora a kan tsirkiya. Na ja. Yatsun da suka shekara talatin suna riƙe kurfin sassaƙa suka zama kamar na wani. Rabon da in ji hannuna ya yi mini baƙunta haka tun ranar da na fara riƙe fensir a ajin yaƙi da jahilci. Gumi ya karyo mini. Na sake ja, lasifikar ta yi wani kuka, kajin gidan suka watse.

"Kawo, kawo," in ji Nura, "kada ka ɓata mani ita."

Na miƙa masa, na yarfe hannuna, na ji daɗin dawowa daidai. Ɗan lokaci kaɗan na yi a haka, kuma da na gaji na samu wanda zan miƙa wa. Binta kuwa tun tana shekara bakwai take aiki da hannun da ba nata ba, ba ta samu wanda zai karɓa ba.